Digiri ko sana'a: abin da sababbin matakan gwamnati ke nufi ga matashi da iyayensa

A cikin 'yan watanni na shekarar 2025, gwamnatin tarayyar Najeriya ta fito da matakai uku da suka sa iyaye da dama sake lissafi a kan makomar 'ya'yansu. A ƙarshen watan Mayu, Ministan Ilimi Dakta Tunji Alausa ya ƙaddamar da shirin koyar da sana'o'i kyauta, har da alawus na wata-wata ga masu koyo. A watan Agusta, Majalisar Zartarwa ta dakatar da kafa sababbin jami'o'i da kwalejoji na gwamnatin tarayya har tsawon shekara 7. Ba a gama tattauna wannan ba sai ga sabuwar manhajar firamare da sakandare, wadda ta ce kowane ɗalibi ya zaɓi sana'a ɗaya tun daga ƙaramar sakandare.

Daga nan zance ya bazu a majalisu da shafukan Facebook. Wasu sun ɗauka gwamnati ta juya wa jami'a baya ne. Wasu suka ce dabara ce ta tura 'ya'yan talakawa gareji, alhali 'ya'yan manya suna karatu a Ingila da Dubai. Wasu kuma suka ce ai an ma makara, domin masu digiri sun cika gari suna tuƙa adaidaita sahu. Uban da ɗansa ya gama sakandare bana, tambayarsa ɗaya ce: ya sake saya masa fom ɗin JAMB, ko ya kama hannunsa ya kai shi wurin oga?

Kalmomin da ake cakuɗawa

Rabin gardamar nan ta samo asali ne daga kiran abubuwa daban-daban da suna ɗaya.

Idan an ce "karatu mai zurfi", ba jami'a kaɗai ake nufi ba. Akwai jami'a mai ba da digiri bayan shekara 4 zuwa 6, wadda hukumar NUC ke sa wa ido. Akwai foliteknik, mai ba da ƙaramar difloma bayan shekara 2, sannan babbar difloma, wato HND, bayan ɗalibi ya yi shekarar sanin makamar aiki ya dawo ya ƙara shekara 2. Akwai kwalejin ilimi mai ba da NCE, da makarantun jinya da ungozoma da na kiwon lafiya. Foliteknik tun asali an kafa ta ne domin ta zama gada tsakanin littafi da aikin hannu, kuma hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna, wadda aka kafa a 1977, ita ke kula da ita.

Ita ma "sana'a" iri uku ce aƙalla. Ta farko ita ce ta gado: ƙira, jima, rini, dukanci, fawa, wanzanci, saƙa da gini, waɗanda yaro ke tashi ya tarar a gidansu. Ta biyu ita ce ta zaman shago, inda ake kai yaro wurin bakanike, tela, kafinta, mai walda ko mai gyaran waya, ya yi shekaru yana kallo yana koyo har a yaye shi. Ta uku ita ce ta makaranta: kwalejojin fasaha da ake shiga bayan ƙaramar sakandare, a yi shekara 3, a zana jarrabawar NABTEB a fito da takardar shaida. Gwamnati idan ta ce "koyon sana'a" yawanci ta ukun take nufi. Talaka idan ya ji kalmar, ta biyun ce ke faɗo masa a rai, domin ita ya sani, kuma ita ce ke ɗauke da mafi yawan matasan da ke koyon aikin hannu a ƙasar.

Akwai kuma wani tsari da mutane ƙalilan suka san da shi, mai suna NSQ, wanda ke auna ƙwarewar mutum mataki-mataki ya ba shi shaida ko da bai taɓa zama a aji ba. A ƙarƙashinsa, mai walda da ya shekara 15 a Panteka, kasuwar masu ƙere-ƙere ta Kaduna, zai iya gabatar da aikinsa a gaban masu tantancewa ya karɓi takarda. Farfesa Idris Bugaje, wanda ya zama shugaban NBTE a 2021, kuma tsohon shugaban Kaduna Polytechnic, ya daɗe yana kafa misali da Panteka a kan wannan.

Yadda kwali ya hau kan guduma

Ƙasar Hausa ba baƙuwar sana'a ba ce. Sunayen unguwanni kaɗai sun isa shaida: Maƙera, Majema, Marina, Dukawa, Soron Ɗinki. Kowace sana'a tana da sarkinta, daga Sarkin Maƙera zuwa Sarkin Fawa da Sarkin Aska da Sarkin Magina, kuma fatun Kano da shuɗɗan turamenta sun ƙetare Sahara tun kafin Bature ya zo. Amma gaskiya ita ce, ko a wancan zamanin ba a ɗauki sana'o'in daidai wa daida ba. Sarauta da malanta da fatauci suna sama, wasu sana'o'in hannu kuwa ana yi musu kallon na baya, har a wurin neman aure. Raina aikin hannu ya girmi boko. Boko ya zo ya ƙara masa ƙarfi ne.

Makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 tana da sashen koyar da sana'o'i. Sai dai abin da mulkin mallaka ya fi buƙata shi ne malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan En'e. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ita ta yaye su Sa Ahmadu Bello da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma duk mai ido ya ga inda alƙalami ya kai su. Da aka shiga shekarun 1950, gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauki manufar cike kujerun aiki da 'yan Arewa, sai ya zama duk wanda ya riƙe takarda, aiki ne ke nemansa. Zuwan kuɗin fetur a shekarun 1970 ya ƙarasa aikin: ƙarin albashin Udoji na 1974, gidan gwamnati, bashin mota, fansho. Iyayen da ke matsa wa 'ya'yansu a kan digiri a yau, da yawansu da idonsu suka ga wannan zamanin, ko kuma a gidan wanda ya ci moriyarsa suka tashi. Saboda haka ba son kwali ne kawai ba. Sun ga inda ya yi rana.

Gwamnati ta taɓa yunƙurin gyara wannan karkata. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta kawo tsarin 6-3-3-4, wanda aka fara aiwatarwa a 1982. Manufarsa ita ce yaro ya ɗanɗani aikin katako da ƙarfe da lantarki a ƙaramar sakandare, daga nan a raba hanya: mai ƙarfin littafi ya wuce babbar sakandare, mai basirar hannu ya tafi kwalejin fasaha ko wurin oga. An sayo injuna daga ƙasashen gabashin Turai aka rarraba wa makarantu. Da yawansu a cikin akwatunansu suka ruɓe, saboda babu ɗakin aiki, babu wuta, babu malamin da ya san yadda ake kunna su. Darasin fasaha ya koma zanen zarto da guduma a kan allo. Wannan tarihi yana da muhimmanci, domin sabuwar manhajar 2025 kusan hanya ɗaya ta biyo.

Daga 1986, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu, ƙofar aikin gwamnati ta fara ƙuntata. Masana'antu ma suka bi baya: masaƙun Kakuri a Kaduna suka rufe ɗaya bayan ɗaya, kamfanonin Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano suka rage ma'aikata ko suka koma rumbunan ajiya. Nan ne wurin da mai difloma da ɗan kwalejin fasaha ya kamata su sami aiki. A daidai wannan lokaci jami'o'i suka yi ta ƙaruwa, daga 5 a 1962 zuwa kusan 300 a yau. Masu fitowa suka ninka, kujerun zama suka ragu.

Ga kuma bambancin da gwamnati da kanta ta kafa. An yi shekara da shekaru a baya mai digiri yana fara aikin gwamnati a matakin albashi na 8, mai HND a mataki na 7, kuma akwai rufin da mai HND ba ya wucewa sai ya ƙaro wata takarda. Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta amince da ƙudurin soke wannan bambanci a 2021, amma Shugaba Buhari ya sauka bai sa masa hannu ba. Ko a mafi ƙarancin makin JAMB na shiga na 2025, an sa wa jami'a 150, foliteknik da kwalejin ilimi 100. Yaro ba ya buƙatar a fassara masa abin da wannan ke nufi.

Abin da aka sanar, da abin da ba a ce ba

Babu inda gwamnati ta ce za a rufe jami'a ko a rage guraben shiga. Dakatarwar shekara 7 ta shafi kafa sababbi ne. Hujjar da ministan ya bayar ita ce waɗanda ake da su ma ba a cika su ba: ya ce jami'o'i 199 sun sami masu nema ƙasa da 100 kowace ta hanyar JAMB, 34 kuma babu ko mutum ɗaya da ya neme su. Wato cunkoson yana kan tsofaffin jami'o'in gwamnati masu suna da sauƙin kuɗi, irin su ABU da BUK da Jami'ar Maiduguri, da kuma kwasa-kwasai ƙalilan kamar likitanci, lauya da jinya.

Shirin sana'a kuwa ya ƙunshi karatu kyauta a kwalejojin fasaha na tarayya, da gajerun horo na wata 6 da na shekara 1 a cibiyoyin da aka tantance, da alawus ɗin naira 22,500 a wata, da alƙawarin kayan fara aiki bayan kammalawa. An ce kashi 80 cikin 100 na lokacin zai tafi a aikin hannu, 20 a aji. Sana'o'i 6 da aka sa a manhajar sakandare su ne haɗa sola, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, da noman lambu da amfanin gona.

A gefe guda, gwamnatin ce dai ta buɗe asusun bashin karatu na NELFUND a 2024, wanda ke biyan kuɗin makaranta da naira 20,000 na kashewa a wata, babu ruwa a kai, a fara biya shekara 2 bayan bautar ƙasa. Ke nan hannu biyu take miƙawa. Abin lura shi ne shirye-shirye irin wannan sun sha zuwa suna wucewa: hukumar NDE tun 1986, YouWiN a zamanin Jonathan, N-Power a zamanin Buhari. Yawancinsu da gwamnatin da ta kawo su suke tafiya.

Hujjar masu cewa a kama sana'a

Babbar hujjarsu lissafi ne. Kusan mutum miliyan 1.95 suka zana jarrabawar JAMB ta 2025, kuma a sakamakon farko fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Akwai matasan da ke shekara 3 ko 4 suna maimaita jarrabawar nan, suna zaman jiran gurbi. Wanda ya samu kuma bai san ranar fita ba: yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ya cinye kusan wata 9 a 2020, ya sake cinye wata 8 a 2022. Idan aka haɗa da jiran bautar ƙasa da ita kanta bautar, digirin shekara 4 kan lashe shekara 7. A cikin waɗannan shekaru, sa'ansa da ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya riga ya buɗe teburinsa, wataƙila ma ya yi aure.

Sai kuma inda aikin yake. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba a ofis ko kamfani mai rajista suke ba. Gona ce, kasuwa ce, shago ne. Tattalin arzikin da haka yake ba zai iya ba kowane mai digiri kujera ba. Ga kuma giɓi a fili: a wuraren gine-gine na Abuja da Legas, masu ɗaura tayil da yin silin na zamani da ake rububi sau da yawa 'yan Togo ne da Jamhuriyar Benin, saboda masu gini sun fi yarda da tsaftar aikinsu. Tsadar wuta da fetur ta buɗe kasuwar sola, mayar da motoci masu amfani da iskar gas ya buɗe wata.

Wannan ra'ayi ya sami ƙarfi a Arewa bayan tsohon Ministan Sadarwa, Farfesa Isa Ali Pantami, ya wallafa littafi a 2022 a kan fifita ƙwarewa. Masu yaɗa zancen sukan taƙaita shi zuwa "digiri ba shi da amfani", alhali abin da aka ce shi ne kada a tsaya a kan digiri shi kaɗai. Tsakanin maganganun biyu akwai tazara mai yawa.

Hujjar masu cewa a tafi jami'a

Su kuma suna farawa ne da tambayar wa zai duba mara lafiya. Likita, injiniya, mai haɗa magani, alƙali, malamin lissafi: babu ɗayansu da ake koya a shago. Arewa ce ta fi kowane yanki ƙarancin irin waɗannan ma'aikata, musamman mata, ga shi kuma ƙwararrun da ake da su suna ficewa zuwa Ingila da Saudiyya. A ganinsu, yankin da tun 1960 yake ƙoƙarin cim ma Kudu a karatun zamani, bai kamata ya zama shi ne kan gaba wajen yi wa jami'a kirarin banza ba. Sukan kuma lura cewa masu wa'azin sana'a da yawa, nasu 'ya'yan suna jami'a.

Alƙaluman rashin aiki ma suna buƙatar a karanta su da hankali. A ƙarshen 2020 hukumar ƙididdiga ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin 100. A 2023 ta sauya ma'auni, duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako don samun kuɗi ya shiga sahun masu aiki, sai adadin ya faɗo zuwa 4.1. A wannan ma'auni, masu karatun gaba da sakandare sukan fi waɗanda ba su yi makaranta ba yawan rashin aiki. Amma dalilin a bayyane yake: mai digiri yana da gidan da zai ciyar da shi yayin da yake jira, mai tura baro kuwa idan bai fita ba, ba a ɗora tukunya. Samun abin yi daban, samun abin da zai riƙe iyali daban. Binciken masana na Bankin Duniya ya daɗe yana nuna cewa, a tsakanin masu albashi, ƙarin kuɗin da karatun gaba da sakandare ke kawowa a Afirka kudu da Sahara yana cikin mafi girma a duniya.

Hujjarsu mafi nauyi ita ce sana'a tana tsufa. Mai gyaran agogo, mai buga tafireta a bakin kotu, mai wankin hoto, duk an ga yadda kasuwarsu ta ƙare. Bakaniken da ya ƙware a kafireto yau yana kallon mota mai kwamfuta, sai ya kira yaron da ya iya karanta na'urar gano matsala. Wani bincike da masana tattalin arziki suka yi a ƙasashe da dama, har da Jamus, ya gano cewa ɗan makarantar sana'a yakan riga samun aiki, amma da shekaru suka ja, mai ilimi mai faɗi ya fi iya sauya hanya idan kiɗa ya canza.

Zaman shago kansa yana da nasa raunin. Dokar Ƙwadago ta tanadi a rubuta yarjejeniyar koyon sana'a, amma da wuya a ga wanda ya rubuta. Uba ya kai yaro, a yi addu'a, a ce "ga amana nan", shi ke nan. Babu ranar yaye, babu manhaja, yaro na iya shekara 2 yana shara da zuwa aike kafin a bar shi ya riƙe sifana. Iyakar abin da oga ya sani, nan ilimin yaro zai tsaya, har da kurakuransa. A tsarin Igbo akan yi alƙawarin shekaru, idan sun cika oga ya sallami yaro da jari. A Kantin Kwari da Sabon Gari ma akwai iyayen gida masu buɗe wa yaransu shago, amma abin ya dogara ne ga kirkin ubangida.

Misalin Jamus da ake yawan kawowa

Da wuya a yi wannan muhawara ba a ambaci Jamus ba. A can, matashi yakan ƙulla yarjejeniya da kamfani, ya yi kwana 3 ko 4 a mako a wurin aiki, kwana 1 ko 2 a makaranta, na tsawon shekara 2 zuwa 3 da rabi. Kamfanin ne ke biyansa albashi tun yana koyo. Akwai sana'o'i fiye da 300 da doka ta amince da su, kuma ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu sana'a ne ke shirya jarrabawar ƙarshe, shi ya sa takardar ke da daraja a ko'ina cikin ƙasar. A Suwizalan kusan kashi biyu cikin uku na matasa wannan hanyar suke bi.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, tsarin a kan masana'antu yake tsaye. Kamfani ke ɗaukar nauyin horon saboda yana buƙatar ma'aikacin gobe. Kuma yaron ya shigo ne da karatu da lissafi na shekara 9 ko 10, sannan ƙofar ƙaro ilimi ba ta rufe masa ba. Inda babu masana'anta, makarantar sana'a ma za ta iya yaye marasa aikin yi kamar yadda jami'a ke yi. A watan Oktoban 2024, lalacewar manyan layukan wuta ta jefa yawancin jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda. Masu walda da teloli da masu niƙa su suka fara zama hannu rabbana.

Waɗanda muhawarar ta tsallake

Tambayar "jami'a ko sana'a" tana ɗauka cewa matashi ya gama sakandare yana tsaye a mararraba. Miliyoyin yaran Arewa ba su iso wurin ba. UNICEF ta ƙiyasta yaran da ba sa zuwa makaranta a Najeriya da kusan miliyan 18, mafi yawansu a Arewa. Ta kuma ce kimanin kashi uku cikin huɗu na yara 'yan shekara 7 zuwa 14 ba sa iya karanta jimla mai sauƙi ko warware ƙaramin lissafi.

Nan ne ainihin inda hanya ke rabuwa, kuma tun yaro bai kai shekara 10 ba. Wanda bai iya karatu da lissafi ba, jami'a ta fi ƙarfinsa, sana'ar zamani ma haka. Mai haɗa sola dole ya lissafa nauyin wutar gida da ƙarfin batir. Mai gyaran waya yana bin zanen da ke kan kwamfuta. Tela mai son kwangilar kayan makaranta sai ya iya rubuta farashi. Wanda ba shi da wannan tushe, abin da ya rage masa shi ne sana'o'in da kowa ke iya shiga, inda mutum goma ke rububin kwastoma ɗaya: acaba, cajin waya, tura ruwa. Saboda haka duk shawarar da za ta cire yaro daga aji tun bai iya karatu ba, da sunan koya masa sana'a, ta rage masa sana'o'in da zai iya yi ne.

Almajirai suna cikin wannan lissafi ta wata fuska. Da yawansu suna tashi da sana'a a hannu, kamar ɗinkin hula, wanki da guga, gini ko kasuwanci, kuma sun saba da haddar abu mai wuya. Abin da suka rasa shi ne takardar da za ta buɗe musu ƙofar kwangila ko ƙarin horo. Hukumar kula da ilimin almajirai da aka kafa a 2023 da tsarin NSQ, idan aka haɗa su, nan ne za su fi amfani.

'Yan mata kuma lissafinsu daban ne. Gareji da shagon walda ba a buɗe suke gare su ba a mafi yawan garuruwa. Sana'o'in cikin gida, irin su ɗinki, lalle, turaren wuta da girke-girke, sun sami sabuwar kasuwa ta WhatsApp da Instagram, kuma suna riƙe gidaje da yawa. Amma aikin da al'umma ta fi matsuwa da a sami mata a cikinsa, wato ungozoma, jinya, likitancin mata da koyarwa, sai ta makaranta.

Yadda abin zai shafi gidaje

Ga iyali mai ƙaramin ƙarfi, kowace hanya da kuɗinta. Tun 2023 jami'o'in tarayya da dama suka ninka kuɗin rajista, har gwamnatin Kano ta biya wa ɗalibai 7,000 'yan jihar da ke BUK a waccan shekarar. Bashin NELFUND ya rage wannan nauyi, amma bashi ne, kuma za a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke samu idan lokacin biya ya yi. Wanda ya ci shi a kan kwas mai kasuwa, ya yi ciniki mai kyau. Wanda ya karɓi duk kwas ɗin da aka jefa shi don dai a ce yana jami'a, zai fito da kwali da bashi tare. Sana'a kuwa kuɗinta a ƙarshe yake zuwa: keken ɗinki, injin walda, janareto, hayar shago. Matasa da yawa sun iya aiki sarai amma sun maƙale a shagon oga saboda rashin jari.

Kalmar da ta fi ɓata tambayar ita ce "kowane". Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Yarinyar da ke cin lissafi da kimiyya, a cire ta daga hanyar likitanci asara ce ga garinsu baki ɗaya. Saurayin da ya zana JAMB sau uku bai haye ba, alhali duk rediyon da ya lalace a unguwa shi ake kai wa, shekara ta huɗu ta jira ba za ta ƙara masa komai ba. Da yawa kuma suna haɗa biyun: ɗalibin da ke zuwa shagon ɗinki bayan lacca, ko mai gyaran waya da ke karatu a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar da malamin zaure ke ɗinkin hula yana ba da karatu.

Wanda zai kai ɗansa cibiyar horo yana da tambayoyin da ya kamata ya yi kafin ya sa hannu: shin NBTE ta tantance wurin, wace takarda ake bayarwa, injuna nawa ke aiki, kuma ina waɗanda aka yaye bara suke. Wanda zai kai shi wurin oga, ya fi masa a yi maganar shekaru da sharuɗɗan yaye a gaban shaidu, kuma kada zuwa shago ya hana yaron gama sakandare. Rajistar shirin gwamnati kyauta ce ta shafin ma'aikatar ilimi, don haka duk mai neman kuɗi da sunan samar da gurbi abin tuhuma ne.

A ɓangaren gwamnati, abubuwa uku ne za su nuna ko wannan karon ya bambanta da 1982. Na farko, ko za a daidaita mai HND da mai takardar ƙwarewa da mai digiri a wurin ɗaukar aiki da ƙarin girma, domin iyaye albashi suke kallo, ba jawabi ba. Na biyu, ko jihohi za su sa kuɗi, tunda mafi yawan makarantun sakandare da kwalejojin fasaha nasu ne, ba na tarayya ba. Na uku shi ne malamai da kayan aiki. Makarantar ƙauyen da malami ɗaya ke koyar da darasi uku, yanzu ana so ta samo mai koyar da haɗa sola ko gyaran waya, alhali wanda ya iya waɗannan ayyuka yakan samu a kasuwa fiye da abin da albashin malami zai ba shi. Yaran da suka shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare a watan Satumban 2025 za su kammala a 2028, kuma a lokacin za a iya ƙirga nawa ne a cikinsu suka taɓa riƙe farantin sola da hannunsu, nawa ne kuma suka gan shi a zane a kan allo.